Adakar Baba: tarihin wani tsohon soja, tsohon ɗan sanda

 

Yau tarihi na kawo maka. Zan fara shi daga ɗakin Inna, a wani ƙauye na ƙasar Magarya. A bayan gadonta akwai wata adaka, tsatsa ta ci gindinta. Adakar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Cikinta akwai ɗan ƙaramin littafin soja da gumi ya rina, da lambar girma guda, da hoto, da ɗamarar fata, da usur. Abin da ya rage ke nan daga aikin da ya ci ƙuruciyar mutum ɗaya.

Ni ne autansa. Ya haife ni yana da furfura, bayan ya ajiye aiki ya koma gona. Ban taɓa ganinsa cikin kayan sarki ba. Amma har ya bar duniya mutanen gari ba su daina kiransa Kafaran ba, wato muƙamin da ya samu a soja. Watakila kai ma a garinku akwai irin wannan tsoho, ko an yi shi ya wuce. To, ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi ɗan manomin gero da gyaɗa ya je yaƙi bayan teku? Sai mun koma baya kaɗan.

Yadda kaki ya shigo ƙasarmu

A shekara ta 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, ya iso Damagaram. Sarki Amadu Kuran Daga bai yarda da shi ba, aka kashe shi. A 1899 Faransawa suka dawo da ƙarfi. Aka kara a Tirmini, yamma da birnin, bindigoginsu suka rinjayi dawakin Sarki. Ba a daɗe ba aka kashe Kuran Daga.

Ga abin da ba kowa ya sani ba. Anasaru cikin wannan runduna ƴan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne irinmu, an ɗebo su daga ƙasashen yamma. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunarsu a Senegal, shi ya sa ake ce musu sojan Senegal, ko da mutum Bambara ne ko Mosi. Daga baya Bahaushe da Bazabarme da Babarbare su ma suka shiga ƙarƙashin wannan suna.

Sai kuma maganar iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Faransawa da Ingilishi suka bi daji suna kafa alamu. Magarya da Dungas da Waca suka faɗo hannun Faransa. Daura da Babura da Maigatari suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma hukuma biyu. Riƙe wannan a ranka, don iyakar nan za ta yi ta dawowa cikin labarinmu.

Ƙuri'ar soja

Da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, Faransa ta rasa maza. Sai ta juyo wajen ƙasashen da take mulka. Fiye da mutum 150,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma kafin a gama a 1918. Dubbai ba su dawo ba. Bayan yaƙin ma ba a daina ba. A 1919 aka yi doka cewa kowace shekara za a ɗebi samari, su yi shekara uku cikin soja.

Ga yadda ake yi. Kwamanda ya aika wa sarkin ƙasa da yawan samarin da yake so. Sarki ya raba wa masu gari. A tara samari a bariki, likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafa. Waɗanda suka ci lafiya a yi musu ƙuri'a. Wanda ta faɗa kansa ya tafi. Sauran kuma ba su tsira ba, ana iya ɗibarsu aikin hanya da gini. Ba sai na gaya maka ba, ɗan mai hali da wuya ya kai gaban likitan nan. Ɗan talaka da maraya da bara su ne ke cika lissafi.

Mu nan kudu muna da wata dabara da mutanen nesa ba su da ita: ƙafa. In aka ji labarin ɗibar soja, ko aikin tilas, ko lanho ya yi nauyi, sai samari su tsallake iyaka da dare. Kakana haka ya yi. Ya kwana wajen ƴan'uwan uwarsa a ƙasar Babura har ƙura ta lafa, sannan ya dawo. Ya kan ba da labarin yana dariya, in ji Baba, amma waɗansu gidaje da suka tashi a wancan zamani ba su sake dawowa ba. Shi ya sa har yau kusan kowane gida a nan yana da reshe a Najeriya.

A yaƙin duniya na biyu abin ya zo da ban mamaki. Jamus ta ci Faransa a 1940. Hukumar Anasaru ta Nijar ta bi gwamnatin da ta miƙa wuya, har ƙarshen 1942. Ingila kuwa tana ta yaƙi. Iyakarmu ta zama iyakar abokan gaba. Samarin wannan gefe aka kai su Faransa, waɗansu suka ƙare a kurkukun Jamus. Samarin wancan gefe, na Kano da Katsina da Daura, Ingila ta kai su Bama su yaƙi Japan. Ɗan wa da ɗan ƙane, kowa da tutar da aka ɗora masa.

Akwai rana guda da ya kamata ka san ta. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Tiyaroy kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi a biya su kuɗinsu kafin su koma gida. Aka buɗe musu wuta. Hukumar Faransa ta ce mutum 35 suka mutu. Masana tarihi sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne.

Waɗanda suka dawo gida da rai, me suka zama? Sun iya ɗan Faransanci, sun san jeri da umurni. Sai Kwamanda ya ɗauki da yawa daga cikinsu aikin gardi. Ba gardin makarantar allo nake nufi ba. Gardin bariki, mai jar dara da bulala. Shi ke rakiyar masu karɓar lanho, shi ke tsaron ƴan kaso, shi ke kora mutane aikin tilas. In ya sauka gari sai an yanka masa kaza, a ba dokinsa dawa. Aikin tilas an hana shi da doka a watan Afrilu 1946, amma tsoron jar dara bai fita zukatan mutane da doka ba. Tsoron da tsohuwa ke ji yau in ta hangi mai kaki, daga can ya samo asali.

Baba ya ga teku

Shi Baba ba ƙuri'a ta kama shi ba. Da ƙafarsa ya je Damagaram ya ba da kansa. Zamani ya canza, soja ya zama aikin albashi. Gidansu akwai baki da yawa, gona kaɗan, ga lanho, ga shi yana son aure. Kakana, wanda ya guje wa soja, ya yi kwanaki bai yi masa magana ba.

Littafin nan na cikin adaka a lokacin aka buɗe shi. Magatakardan da ya rubuta bai ji sunan da kyau ba, ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi. Wurin ranar haihuwa kuma ya dubi fuskar Baba ya ƙiyasta shekara. Wannan kuskure na alƙalami ya bi shi har tsufa, za ka ji.

Aka kai su Yamai a mota, daga nan kudu har bakin teku. Ya ce da ya ga ruwan, sai ya tambayi na kusa da shi ina ɗaya gaɓar. Aka yi masa dariya. Jirgi ya kwashe su, amai ya kusa kashe shi. Ƙarshen tafiya Aljeriya.

Mutanen Aljeriya sun tashi neman ƴancinsu ran 1 ga Nuwamba 1954. Faransa ba ta daɗe da shan kashi a Indosin ba, a wannan shekara ɗin, ba ta kuma son ta sake rasa wata ƙasa. Ta zuba sojoji dubu ɗaruruwa, har da namu. Baba ya yi ta hawan duwatsu cikin sanyin da bai taɓa sani ba. Ya ga ƙanƙara tana saukowa kamar audugar rimi. Wannan labari yana son ba da shi. Yana son labarin wani abokinsa Bamoshe da ya koya masa ɗinki, da labarin burodi mai tsawon kamu biyu.

Akwai kuma wanda ba ya so. Sau ɗaya tak ya ba ni shi, muna dawowa daga gona. Ya ce wata asuba sun kewaye wani ƙauye a gindin dutse, suna kwance da bindigogi suna jiran umurni. Sai ladan ya kira salla daga cikin ƙauyen. Ya ce: "Auta, kalma ɗaya ba ta bambanta da ta masallacinmu ba." Na ce: "Baba, sai me ya faru?" Ya gyara hauyarsa a kafaɗa, ya ce rana ta yi, mu yi sauri.

A can ya samu rauni. Nakiya ta tashi da motar da ke gabansu, ƙarfe ya shige masa kafaɗar hagu. In hunturu ya zo, kafaɗar ta kan tuna masa. Ita Faransa kuwa ba ta yarda ta kira abin da aka yi a Aljeriya yaƙi ba sai a 1999. Kafin nan sunansa a takarda aikin kwantar da tarzoma.

Yana can aka yi ƙuri'ar "i" ko "a'a" ta 28 ga Satumba 1958. Jibo Bakari da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a'a, a rabu da Faransa nan take. Masu "i" suka rinjaya, Jori Hamani ya hau. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai. Ka ga ɗan ƙasa mai ƴanci yana riƙe da bindigar wata ƙasa, yana tare hanyar masu neman nasu ƴancin. Ba a daɗe ba aka dawo da su gida. Aljeriya ta samu nata a watan Yuli 1962.

Ɗan sanda

Sabuwar ƙasa tana bukatar masu horo. An kafa rundunar sojan Nijar a 1961, waɗansu abokan Baba suka shiga can. Saini Kunce ma irinsu ne, ya yi Indosin da Aljeriya cikin sojan Faransa. Baba ya zaɓi aikin ɗan sanda.

A ƙauye duk mai kaki soja muke ce masa, amma aikinsu daban-daban ne, yana da kyau ka sani. Soja tsaron ƙasa. Jandarma yana bin hanyoyi da karkara, shi ke binciken laifi a ƙauyuka. Gardi yana tsaron ma'aikatun hukuma da gidan kaso. Ɗan duwan kaya yake dubawa a iyaka. Ɗan sanda kuma yana cikin gari, yana kuma duba takardun masu shiga da fita.

Ba zan ce maka duk shekarunsa farare ne ba. A 1959 an haramta Sawaba. A 1964 mayaƙanta suka shigo da makamai ta wurare da dama, har da iyakar kudu. Gwamnati ta tashi masu kaki da mutanen gari a yi farautarsu. A watan Afrilu 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idi a Yamai, ya tsira. Kame ya ƙaru. Ƙasar Damagaram na da ƴan Sawaba da yawa, saboda haka an kama manoma da ƴan kasuwa da ƴan kamasho, waɗansu don katin jam'iyya kawai, waɗansu don maƙwabci ya kai tsegumi. An daki mutane, waɗansu sun mutu a tsare. Baba yana cikin aiki a lokacin. Me hannunsa ya yi, me idonsa ya gani ya yi shiru? Na tambaye shi bayan na girma. Ya ce akwai wani mutum da ya je har gidansa neman gafara bayan shekaru, mutumin ya yafe. Bai ƙara ba. Ina son mahaifina, amma ba zan wanke abin da shi da kansa bai wanke ba.

Shekarunsa masu yawa a bakin iyaka ya yi su. Zamanin gyaɗa ne. Ƙasar Magarya na cikin manyan masu nomanta a Nijar, kamfanin SONARA na saye tun 1962. In farashi ya fi kyau a wannan gefe, gyaɗar Najeriya ta kwararo. In ya fi a can, tamu ta bi dare. Atamfa, taba, gishiri, man fetur, dabbobi zuwa kasuwar Maigatari, duk ta nan suke bi. Mai kaki a irin wannan wuri, in yana so, ba ya rasa na goro. Da yawa sun gina gidajen siminti. Baba ya bar aiki da keke ɗaya da rediyo. Matansa sun yi masa gori a kan haka, ban kuma ga laifinsu ba, don su ke fama da tukunya.

Da Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, bayan babban fari, Baba ya ji daɗi. Ya ce an samu wanda ya san horo. Gaskiya ne ma'aikata sun shiga taitayinsu, don shugaban ya kan faɗo ma'aikata ba sanarwa. Gaskiya ne kuma mutane sun koyi yin magana ƙasa-ƙasa, don ba a san mai kai rahoto ba.

Abin da ya sa ake tuna Baba a garinmu ya faru ne a yunwar 1984. Damina ta ƙi. A watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, ƙarƙashin Janar Buhari, ba ta buɗe ba sai 1986. Shi ya sa mutane suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. A 1985 kuma aka koro baƙi daga can, ƴan ci-rani suka dawo hannu wofi. Mata da yara suka riƙa bin daji da dare, su sayo tiya biyu ko uku na garin rogo ko masara, su ɗauko a ka. In sun tsira daga masu tsaron can, sai su tarar da waɗansu masu kaki a nan suna neman takarda, ko abin da ya fi takarda. Baba bai taɓa karɓar ko dala ba. In ya hangi masu kaya a ka, sai ya juya baya ya shiga gyaran sarƙar kekensa har su wuce. Ranar da aka yi zaman makokinsa, wata tsohuwa da ba mu sani ba ta zo daga wajen Dungas. Ta ce ita ce ya taɓa ɗora wa kayanta a keke ya tura har bakin garinsu.

Kuɗin da aka daskarar

Saboda raunin kafaɗa Faransa na ba shi ɗan kuɗi. Nan ma akwai tarihi. A watan Disamba 1959, da ta ga ƙasashenmu za su samu ƴanci, sai ta yi doka: kuɗin tsofaffin sojojin Afirka ya tsaya inda yake, ba ƙari. Na Bafaranshe kuwa yana hawa kowace shekara tare da tsadar rayuwa. Rami ɗaya suka kwanta, nakiya ɗaya ta tashi da su, amma bayan shekara talatin ɗaya na karɓar ninkin na ɗaya sau da yawa.

Wani tsohon sarsan na Senegal, Amadu Diyop, ya kai ƙara. A watan Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa ta ce yana da gaskiya, wannan wariya ce. Shi ya riga ya rasu. A 2002 aka ɗan ƙara. Daga 1 ga Janairu 2007 aka daidaita kuɗin rauni da na tsohon mayaƙi. Fanshon waɗanda suka daɗe cikin soja sai a 2011 aka daidaita shi, wani kashi na gyaran ma sai wanda ya rubuta takardar nema. Tsoho a ƙauye, ba karatu, ido ya raunana, wa zai gaya masa? Shekara hamsin ana jan magana, mafi yawan masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa.

Baba ya iya karatun Faransanci kaɗan, na aiki. Abokansa da yawa yatsa suke dangwalawa. Sukan zo zaurensa da takardunsu naɗe cikin tsumma, ya duba musu. Shi kansa sai da kuskuren magatakardan nan ya kama shi. Sunan da ke littafin soja bai yi daidai da na katinsa na ɗan ƙasa ba, harafi biyu suka bambanta. Kuɗinsa ya tsaya. Ya yi ta hawa mota zuwa birni yana dawowa. Wani mai rubuta wasiƙu ya ci kuɗinsa sau biyu bai aika kome ba. Lokacin ina makarantar horon malamai. Na zo hutu, muka baje takardun a tabarma, na bi su ɗaya ɗaya har na gano inda aka saɓa. Muka samo shaidu biyu, aka yi takardar da ta ce mutum ɗaya ne. Ranar da kuɗin ya fito ya sayi buhun gero biyu, da turmin atamfa ga kowace mata, ya ba ni jika biyar. Ya ce: "Ungo, Malam." Ranar ce ya fara kirana da wannan suna.

Saboda haka, in akwai irin wannan adaka a gidanku, kada a bar gara ta cinye ta, kada a ba yara takardun su yi wasa. A nemi leda a naɗe. In tsohon yana da rai, zauna kusa da shi da fensir. Tambaye shi garuruwan da ya je, da sunayen abokansa, da wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Rubuta da Hausa, yadda ya faɗa. Ni na yi sakaci, na tsaya sai gobe sai jibi. Sunan ƙauyen nan na gindin dutse ban tambaya ba.

Tsufansa

Ƙarshen rayuwarsa a gona da masallaci ya yi shi. Yana tashi kafin ladan. Yana share ƙofar gida da kansa, ya jera takalman yara a layi kamar za a yi musu fareti. In rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, sau da yawa a zaurensa ake kashe ta kafin ta kai gaban hukuma, don ya san abin da ke jiran talaka a can. Ya ga an mai da Dungas gunduma mai zaman kanta a 2011. Bai kai ga ganin fitar sojojin Faransa daga Nijar a watan Disamba 2023 ba. Na so in ji abin da zai ce.

Ya rasu da kaka, bayan an gama yankan gero, zazzaɓi na kwana huɗu. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi adakar, sai aka bar wa Inna. Lambar girma da littafin suna nan ciki. Usur ɗin ne kaɗai ya fita. Jikokinsa sun gano shi, in gero ya fara ido suna tafiya da shi gona korar tsuntsaye.